Hoto Mai Tafiya Ba Isnadi: Ɓoyayyen Hatimi da Amincin Hotunan Asibiti a Arewacin Zamfara

Duk wanda ya taɓa aiki da tsofaffin rubuce-rubucen hannu na ƙasar Hausa, ko a Arewa House ta Kaduna ko a ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ya san cewa takarda baki biyu gare ta. Akwai abin da marubuci ya zuba mata da tawada, akwai kuma abin da ba ya bayyana sai an ɗaga ta an fuskanci haske. A nan ne akan ga jinjirin wata uku a jere, ko fuskar wata cikin garkuwa tare da haruffan AG, alamar masana'antar Andrea Galvani ta yankin Pordenone a arewa maso gabashin Italiya. Takardar mai wata uku ta riƙa ƙetaro Sahara a bayan raƙuma, har Heinrich Barth ya ambace ta cikin hajar da ya tarar a kasuwar Kano a 1851. Terence Walz ya bi sawun cinikinta, Michaelle Biddle kuwa ta nuna yadda waɗannan alamomi ke taimakawa wajen ƙiyasta shekarun rubuce-rubucen da ke ma'ajiyoyin arewacin Nijeriya.

Yadda ake yin alamar ba shi da wuya. Akan lanƙwasa siririyar waya a ɗinke ta a jikin rariyar da ake tace ɓawon takarda da ita tun yana jiƙe, sai wurin da wayar ta taɓa ya fi sauran jikin takardar sirantaka, haske ya fi ratsa shi. A garin Fabriyano na Italiya aka fara wannan dabara a ƙarshen ƙarni na 13. Don haka alamar tana cikin naman takardar, ba a iya kankare ta sai an lalata takardar kanta. Ita ce kuma mai shago ke nema idan ya ɗaga takardar Naira 1,000 sama yana ƙanƙance ido.

A farkon shekarun 1990 wasu masu bincike a Ostireliya, cikinsu da Andrew Tirkel da Charles Osborne, suka ari sunan wannan alama suka laƙaba wa wata dabarar kwamfuta: ɓoye saƙo a cikin hoto ta yadda ido ba zai gan shi ba, amma na'ura za ta iya karanto shi. A kan amfani da dabarar wajen kare hotunan asibiti na yi bincikena na digiri na biyu, kuma matsalar da na fara cin karo da ita a gida ita ce ta suna. Na sha jin ana fassara kalmar kai tsaye a ce "tambarin ruwa". Bahaushen da ya ji haka, alamar kamfanin ruwan leda ce za ta faɗo masa a rai, kuma da gaskiyarsa, domin ruwan da ke cikin sunan na Turanci ya tsaya ne a masana'antar takarda. Ni dai na zaɓi "ɓoyayyen hatimi". Hatimi shi ne abin da sarakuna da alƙalai ke bugawa a wasiƙa don a san daga inda ta fito, kuma wannan shi ne ainihin aikin da ake nema. Na san malaman tsibbu ma suna da nasu hatimin, mai gidaje da lambobi. Wannan bai dame ni ba, domin namu ma lambobi ne a cikin gidaje.

Abin da ya sa batun ya zame mini na gida shi ne yanayin hanyoyinmu. Kaura Namoda, inda layin dogo daga Zariya ya ƙare tun 1929, ita ce mahaɗa: hanya ɗaya ta yi arewa zuwa Shinkafi ta wuce Isa ta jihar Sakkwato, ɗaya ta bi ta Zurmi ta ɓulle Jibiya ta jihar Katsina, ɗaya ta gangara Gusau, tafiyar kusan kilomita 60. Kowane ɗaya daga garuruwan nan uku yana da babban asibiti, kuma ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta daɗe tana aiki a na Shinkafi da na Zurmi, musamman kan yara masu tamowa. Amma ƙwararren likitan da aikinsa shi ne karanta hoto, sai an nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A shekarun nan na ta'addancin 'yan bindiga, ɗaukar majinyaci a hau waɗannan hanyoyi shawara ce da iyali ke kwana suna juyawa. Sai mutane suka samo mafita da kansu: majinyaci ya zauna, hotonsa ya yi tafiyar.

Ga yadda tafiyar take, kamar yadda na gani sau da dama a zaurukan gidajenmu da barandar ɗakunan jinya. An ɗauki hoton ƙirji ko na ƙashi, an miƙo faifan a cikin babban ambulan. Wani matashi a dangi sai ya manna faifan a gilashin taga, ya ɗauke shi da wayarsa, ya tura ta WhatsApp ga wani ɗan'uwa ma'aikacin jinya a Gusau. Shi kuma ya tura wa wani likita abokinsa a Zariya, likitan ya jefa shi a zauren abokan karatunsa. Bayan sa'a biyu amsa ta dawo da murya: a ci gaba da magani, ko a kawo shi gobe-gobe. Ba na raina wannan hanya ko kaɗan. Ta ceci rayuka, ta kuma hana tafiye-tafiyen da ba su zama dole ba. Sai dai mai nazarin hadisi ko na rubutun hannu zai gane lahaninta nan take. Matani ya iso, isnadi ya faɗi a hanya.

A asali hoton asibiti na kwamfuta ba haka yake tafiya tsirara ba. Akwai ƙa'idar da ake kira DICOM, wadda ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da ƙungiyar masu ƙera na'urori suka fara shimfiɗawa a 1985, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1993. A ƙarƙashinta kowane hoto yana tafe da goshi mai ɗauke da sunan majinyaci, lambarsa, ranar ɗauka, irin na'urar da sashen jikin da aka haska. Kamar dai tarƙimar da mai kwafe littafi ke yi a ƙarshe, inda yakan faɗi sunansa da ranar da ya gama. Raunin goshin shi ne a gefe yake, ba a cikin hoton ba. Kowace ƙaramar manhaja tana iya sauya shi, kuma da zarar an mayar da hoton irin wanda waya ke turawa, goshin ya yanke gaba ɗaya. Wannan gibi ne ɓoyayyen hatimi ke son cikewa, ta hanyar saƙa bayanin a cikin naman hoton, kamar watannin nan uku a cikin takarda.

Bari in ɗan tsaya kan yadda ake saƙar, don kada a ɗauka siddabaru ne. Hoton kwamfuta tarin ɗige-ɗige ne, kowane ɗigo lamba ce da ke nuna zurfin duhunsa. A hoto na yau da kullum lambar tana tsakanin 0 da 255; a hotunan asibiti da yawa matakan sukan kai 4,096. Idan ɗigo mai lamba 200 ya koma 201, babu idon da zai lura. To, sai a ƙulla yarjejeniya: lambar da ta rabu biyu daidai tana nufin sifili, wadda ba ta rabu ba tana nufin ɗaya. Da haka ana iya rubuta dogon saƙo a cikin dubban ɗigogi, ana gusar da kowane da mataki ɗaya kawai. Wannan ita ce mafi sauƙin hanya. Akwai masu zurfi da ke ɓoye saƙon a cikin tsarin hoton gaba ɗaya maimakon ɗigo ɗai-ɗai.

Hatimin iri biyu ne, kuma duk manomi ya san su. Na farko kamar lakar da ake liƙe bakin rumbu da ita ne: ba don ta hana ɓarawo shiga ake sa ta ba, sai don in an taɓa, mai rumbu ya gane. Wannan shi ne hatimi mai rauni. Ana lissafo wata lambar shaida daga dukkan ɗigogin hoton a ɓoye ta a ciki. Ɗigo ɗaya ya sauya, lissafi ya ƙi fita, wasu dabarun ma har su nuna kusurwar da aka taɓa. Na biyu kamar lalas ne a cinyar raƙumi: a sayar da shi, ya rame, ya yi furfura, shaidar tana nan. Wannan shi ne hatimi mai juriya, wanda aikinsa faɗin asalin hoto ko da an matse shi ko an rage girmansa. Likitoci sun yi wa duka biyun tirjiya, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: tabon da ke nuna farkon cuta yakan kasance 'yan ɗigogi ne, wa ya ba wani izinin taɓa su? Amsa biyu aka bayar. Ɗaya, a sa hatimin a baƙin gefen hoto inda babu jikin mutum. Ɗaya kuma, a yi hatimin da ake iya warwarewa hoto ya koma yadda yake ɗigo da ɗigo, kamar dabarar da Jun Tian ya wallafa a 2003. Gouenou Coatrieux da abokan aikinsa a Faransa sun yi shekaru suna rubutu kan waɗannan tun daga 2000.

Abin da ya tayar da hankalin duniya kan batun ya faru a 2019. Yisroel Mirsky da abokansa na Jami'ar Ben-Gurion sun horar da wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta dasa kansar huhu a hoton mai lafiya, ko ta goge ta daga hoton mai cuta. Da aka gwada wa ƙwararrun likitocin hoto uku ba tare da an gaya musu ba, dasasshiyar kansa ta yaudare su da kashi 99 cikin 100, gogaggiya kuma da kashi 94. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Ga shi an zo zamanin da gani ma sai an tambaye shi shaidu. Tun daga nan wasu rubuce-rubucen fannin suka karkata ga wannan maƙiyi: gwanin kwamfuta da ya kutsa rumbun hotunan asibiti don ya ɓata wa ɗan takara suna ko ya damfari kamfanin inshora.

A nan ne nake rabuwa da yawancin abin da na karanta. Maƙiyin hoto a Shinkafi ko Zurmi ba ya buƙatar ƙirƙirarriyar basira. Hasken taga ne da ke wanke rabin huhu. Matsewar da WhatsApp ke yi wa hoto ce, mai cinye siraran layuka. Yaron da ya riƙe faifai ta baya ne, dama ta koma hagu, kuma da ya zo ɗauka ya yanke kusurwar da ƙaramin harafin dalma ke nuna ɓangaren jiki. Sama da duka, ruɗanin mai hoto ne. Hatimi mai rauni, wanda shi ne abin alfaharin masu bincike, a wannan yanayi kullum ihu zai riƙa yi, domin babu hoton da zai isa Zariya ba a taɓa ɗigoginsa ba, alhali ba wanda ya yi nufin ha'inci. Ƙararrawar da ke kaɗawa a kan kowane hoto kuwa, cikin mako guda za a daina jin ta. Tambayar da likitan Zariya ya fi buƙatar amsarta ita ce: ƙirjin wa nake kallo, kuma na yaushe?

Na ga nauyin wannan tambaya a gidanmu. Wani kawuna ya yi fama da tari, aka ɗauke shi hoto sau biyu, wata huɗu tsakani, a wurare biyu dabam. Ambulan ɗaya aka zuba faifan biyu, tare da na ƙanensa da suke uba ɗaya, wanda shi ma aka taɓa haska ƙirjinsa. Rubutun alƙalamin da ke jikin ɗaya ya goge, na ɗayan kuma sunan uba kawai ake iya karantawa. Da aka tura hotunan, likitan da ya duba ya yi abin da ya dace: ya ƙi cewa komai. Ya ce in wannan ne na farko, to ana samun sauƙi. In shi ne na biyu, to abin ya ci gaba. In kuma na wani ne, duk maganar banza ce. Ƙarshenta sai da aka sake ɗaukar hoto, aka sake biyan kuɗi, aka sake hawa hanyar da ake gudu. Kama da wane ba ta wane, balle a haƙarƙari, inda kowa ke kama da kowa.

Wannan ya kai ni ga abin da nake ganin ya shafi masana Hausa kai tsaye, wato suna. Goshin DICOM ya fi amfani ne idan mutum suna ɗaya gare shi, mai rubutu ɗaya, da ranar haihuwa sananniya. A wurinmu Muhammadu ɗaya yana iya shiga rajista yau a matsayin Mohammed, gobe Muh'd, jibi Mamman. Ɗahiru ya zama Dahiru saboda allon rubutun na'urar ba shi da harafi mai lanƙwasa, duk da cewa ƙa'idar kanta ta yarda da shi. Sunan gari ya zama sunan dangi, sai ka tarar da shafi guda cike da 'yan Moriki ko 'yan Kaura masu sunan yanka iri ɗaya. Matar aure a rubuta ta da sunan uba a wani asibiti, da na miji a wani. Uwa ta kawo ɗan farinta, kunya ta hana ta faɗin sunansa, sai ta ba da laƙabi; ran da uba ya kawo shi ya faɗi na yanka, yaro ɗaya ya zama biyu a takarda. Shekaru kuwa ƙiyasi ne. Hatimin da ya kulle sunan da bai zauna ba, ruɗanin kawai ya kulle. Manazarta sunayen Hausawa sun yi aiki mai yawa kan laƙabi da alkunya da sunayen rana, amma ban ga wannan ilimi ya isa teburin masu tsara rajistar asibiti ba, kuma can ne ake buƙatarsa da gaggawa.

Ko da sunan ya zauna, ba na goyon bayan a saƙa shi a fili cikin hoto. A yankin da ake zargin juna da kai wa 'yan bindiga rahoto, hoton da ke nuna harsashi a cinya, yana kuma ɗauke da sunan mutum da ƙauyensu, yana yawo daga waya zuwa waya, abu ne da zai iya jawo wa gida guda bala'i daga kowane ɓangare. Haka sikanin cikin yarinya, haka hoton mai tarin fuka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Saboda haka abin da ya kamata hatimi ya ɗauka shi ne gajeriyar lamba da kwanan wata da alamar dama ko hagu. Lambar ba ta gaya wa baƙo komai. Asibitin da ya ɗauki hoton ne kaɗai ya san wa take nufi. Hakan zai kuma rage wata sana'a da ta yi yawa a Facebook, inda ake ɗora hoton karayar wani a nemi taimako da sunan wani.

Shin akwai hatimin da zai tsira daga taga da kyamarar waya da matsewar WhatsApp? An fara samu. A 2020 Matthew Tancik da abokansa na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili sun gabatar da StegaStamp, dabarar da ke ɓoye gajeren saƙo a hoto, a buga shi a takarda, a sake ɗaukarsa da waya, saƙon ya fito. Ba don asibiti aka yi ta ba, kuma tana taɓa ɗigogin hoto taɓawar da ba ta warwaruwa, abin da likita ba zai lamunta a tsakiyar huhu ba. Amma ta nuna cewa ƙofar a buɗe take, kuma saƙon da muke buƙata gajere ne ƙwarai. Ra'ayina shi ne a raba aikin gida biyu. Asalin hoton ya zauna a asibiti da hatiminsa mai rauni, don ranar da za a buƙace shi a gaban alƙali, tunda sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman a tabbatar da ingancin duk abin da ya fito daga kwamfuta. Kwafin da zai yi tafiya kuwa a maimaita masa hatimi mai juriya a kewayen jikin, kusa da haƙarƙari har mai ɗauka da waya ba zai iya yanke shi duka ba. Inda har yanzu faifai ake wankewa da ruwan magani, ba a ma kai ga zancen kwamfuta ba. Lambobin dalma da ake ɗorawa lokacin haskawa su ne hatimin, kuma sun fi alƙalamin da ke gogewa nesa ba kusa ba.

Saura batun mabuɗi. Wasu tsare-tsaren da ake wallafawa sun ɗauka cewa mai duba hoto zai tambayi wata babbar na'ura ta intanet ta tabbatar masa da hatimin. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda matakan tsaro, aka yi makonni babu kira babu saƙo, mutane suna tafiya har jihohin maƙwabta don su buga waya. A irin waɗannan makonni hoto ya koma tafiya a aljihu, a cikin waya ko ɗan ƙaramin ma'ajin bayanai, a hannun direban da ya yi kasadar fita. Tsarin da zai yi aiki a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi dole ne wayar likita ta iya tantance hatimin ita kaɗai, da mabuɗin da aka riga aka zuba mata, ko da sandar sadarwa ta mutu. Lissafin yin hakan sananne ne, irin sa hannun kwamfuta mai mabuɗi biyu: na sirri yana wurin mai ɗaukar hoto, na fili yana wurin duk mai dubawa. Na sirrin kuwa, a asibitin da ma'aikaci ɗaya ke riƙe da ɗakin hoto, ana kuma iya yi masa canjin wurin aiki a kowane wata, sai an fayyace a rubuce wa zai karɓe shi ranar da ya miƙa makullin ɗakin.